Tsuntsaye Biyu a Ƙofar Auta

Ruwan ƙarshen shekara a Kuala Lumpur ba ya saɓa lokaci. Tsakanin azahar da la'asar zai haɗo, ya zuba kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke. A cikin irin wannan ruwa ne, ina zaune a falonmu na Pantai Dalam ina duba aikin ɗalibai, na ji maiɗakina ta yi salati a kicin. Ta fito hannunta da sauran ƙullu, ta miƙo mini waya.

Hoto ne daga autarmu. Likitar dabbobi ce, kuma ba da sauƙi ta sami izinin yin aikin a Ingila ba, jarrabawa bayan jarrabawa, ta faɗi wata ta sake zama. Da ƙyar ta sami gurbi a wani ƙaramin gari na manoma a yammacin ƙasar, kusa da iyakar Wales, inda aikinta shanu ne da tumaki. Izinin zamanta a ƙasar yana rataye ne da wannan aiki. In ta ajiye shi, ta ajiye duka. Ni kuwa bayan na yi ritaya daga koyar da ilimin ƙasar noma a gida, kwantiragi ne ya kawo ni Malesiya, muka taho da uwarta.

A hoton ga ƙofar gidan da take haya, koriya, ga wasu matattun tsuntsaye biyu an ɗaure wuyansu da igiya ruwan lemo an rataye a ƙusa. A ƙarƙashi ta rubuta: na buɗe ƙofa zan tafi aiki na tarar da wannan.

"An fara," in ji uwarta. "Malam, ka ce mata ta haɗa kayanta."

Muka kira ta. Can gari bai gama wayewa ba, tana zaune cikin mota ta kulle ƙofofi. Ba kuka take ba, kuma da ma kukan take yi da ya fi mini sauƙi. A hankali take magana, kamar wadda ta riga ta yanke hukunci. Ta ce ita kaɗai ce baƙar fata a garin, ita kaɗai ce mai ɗankwali. Ta ce tun zuwanta ba wanda ya yi mata gaisuwar kirki. In ta haɗu da manomi a hanya, yatsa ɗaya zai ɗaga daga kan sitiyari ya wuce. Ta daure, ta ce halinsu ne. Amma wanda ya san gidanta, ya zo ba ta ji motsinsa ba, ya rataye mata mushe, wannan ya gaya mata abin da yake nufi. Yau za ta gaya wa mai asibitin ta bar aiki.

"Kurciya ce," uwarta ta ce daga bayana. "So suke su tashe ki daga garin. To kin tashi, sai me? Ƙasar ubanki ce?"

Na ce su ba ni wayar tukuna. Na ɗauko tabarau, na faɗaɗa hoton da yatsu.

Na san tsuntsayen. Dangin fakara ne amma sun fi ta girma, sun kusa zabo. Namijin kansa kore ne mai sheƙi, fuska ja, jela doguwa. Tamatar launin ƙasa ce, ba ado. Rabona da ganinsu tun ina saurayi, lokacin da makarantar koyon noma ta tura ni zama a wata gona a wannan yanki, ba garin da Auta take ba, amma tsakaninsu bai fi Kano zuwa Wudil ba.

Ƙasar wurin ja ce kamar ta wajen Zariya, sai dai ba ka ganin janta sai inda garma ta bi, don ciyawa ta rufe ko'ina rani da damina. Tuddai ne gajeru suna bin juna kamar kunyoyin wata babbar gona. Shanunsu jajaye ne masu farar fuska, gajerun ƙafafu, ba tozo. A kwari akwai lambunan tuffa, tumaki suna kiwo a ƙarƙashin itatuwan. Kowace gona da shingenta, kuma shingen mai rai ne. Da sanyi sukan sari kowane icce rabi, ba sa tsinke shi, su kwantar da shi a kan ɗan'uwansa su kitsa, idan ya toho ya zama bangon da ko ɗan tunkiya ba ya ratsawa. Na koyi wannan aikin har ƙaya ta bar mini tabo a hannu. Tsakanin shinge da shinge akwai wasu hanyoyi ƙuntatattu masu zurfi. Ranar da na fara ganin ɗaya na ce wannan ai burtali ne, kuma ashe shi ne: ta nan kakanninsu suke koro shanu daga duwatsu zuwa kasuwa. Na ga gonakin auduga na Sudan shimfiɗe kamar tabarma, na ga kwakwar manja a nan Malesiya jere kamar sojoji har inda ido ya gaza, amma ban ga ƙasar da ta fi tuna mini karkarar Kano ba kamar wannan, inda kowace gona ƙarama ce, an san mai ita, an san ubansa.

Idan sanyi ya shiga, ranar Asabar ana fita harbin waɗannan tsuntsaye. Masu hannu da shuni su ne da bindiga. Mu kuma, manoma da ma'aikatan gona, sai mu jeru mu ratsa kurmi da sanduna muna bugun itatuwa, karnuka na gaba, tsuntsayen su tashi su bi ta kan masu harbi. Farauta ce, amma babu kirari, babu kiɗa. Da yamma a ba kowa biyu, namiji da tamata, ɗaure a wuya da igiyar ɗaure ciyawa. Abin da ya ragu ya fi ƙarfin tukunya ɗaya, sai ya bi ƙofofi. Ƙofar likita, ƙofar malamin makaranta, ƙofar makaniken da ya tashi tarakta ranar da ake tsananin bukata. Ba a ƙwanƙwasawa. A rataye a sama inda kyanwa ba za ta kai ba, a juya.

A wurinmu kyauta tana da ƙafa, tana da baki. Ana aikowa, a yi sallama, a ce in ji wance, a ba ɗan aike tukuici. A nan Malesiya maƙwabciya takan buga ƙofa da faranti, kuma farantin ba ya komawa wayam. Abin da aka ajiye maka a ƙofa ba sallama, a wurinmu sunansa ɗaya ne, kuma ba kyauta ba ne. Na taɓa tambayar dattijon da na zauna a gonarsa me ya sa ba sa ƙwanƙwasawa. Ya ce in ka ƙwanƙwasa, dole ya ce ka shigo, dole ya ɗora shayi, dole ya tsaya yana gode maka kana kallonsa, ku duka biyu kunya ta kama ku, kuma ga shanu ba a ba su abinci ba.

Duk wannan ya dawo mini kafin ruwan ya tsagaita, har na ji dariya tana neman taso mini. Amma ban yi ba. Abin da na sani tsohon sani ne, na fiye da shekara arba'in. Dattijon nan ya daɗe a ƙasa. Ina karanta labarai, na san duniya ta canza, kuma ko a wancan zamani an taɓa jifana da mummunar kalma a tashar jirgin ƙasa. Mai son tsorata baƙuwa shi ma da abin da yake hannunsa zai yi amfani, kuma a wannan wata abin da yake hannun kowa ke nan. In na ce ta zauna alhali barazana ce, da wane ido zan kalli uwarta? In kuma na bar ta ta tafi alhali kyauta ce, ta zubar da wahalar shekaru saboda an gode mata.

Auta sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ba na kiran sunanta. Na ce, "Uwata, fita ki duba mini. Namiji da tamata ne?"

"Baba, ni ba zan taɓa su ba."

"Ke da kike cusa hannu cikin saniya har kafaɗa?"

Sai na ji ƙarar ƙofar mota. Ta ce ɗaya mai ado ne, ɗaya ba ado. Na ce gashin a kwance yake ko a yamutse? Ta ce a kwance, kamar an shafa. Na ce a sama aka rataye ko a ƙasa? Ta ce sai da ta yi ɗage.

"Ka ji shi," uwarta ta ce. "'Yarka na cikin bala'i kana tambayar kwalliyar mushe. Ko farashinsu za ka taya?"

Na ce, "A 'yan kwanakin nan wa kika yi wa aiki mai wuya?"

Ta ce aiki kullum mai wuya ne. Sai kuma ta tuna wata karsana da naƙuda ta gagara a makon jiya, ɗan ya zo a juye. Ta daɗe durƙushe cikin taɓo kafin ta gyara shi ya fito da rai. Mai karsanar wani dogon tsoho ne, bai ce mata uffan ba tun daga farko har ƙarshe, sai da tana wanke hannu ya dubi maraƙin ya ce ba laifi. Ko ruwan zafi bai ba ta ba. In ma akwai wanda ba ya ƙaunarta a yankin, in ji ta, shi ne na farko.

Na gaya musu abin da na sani, na kuma gaya musu iyakar saninsa. Na ce ina kyautata zaton godiya ce, amma ba zan rantse ba. Na roƙe ta abu ɗaya: kada ta yi maganar barin aiki sai bayan ranar kasuwa. Jibi ne, kuma ita ce mai duba dabbobi a kara ranar. Wanda ya ba da kyauta, komai rashin maganarsa, yakan so ya san ta isa. Wanda ya yi barazana ba ya tambaya. Kafin nan ta kwana a gidan abokiyar aikinta, kada ta kwana ita kaɗai.

"In wani abu ya same ta, Malam," uwarta ta ce, ba ta ƙarasa ba. Ta koma kicin.

Ban ji daɗin kwanakin nan biyu ba. Maiɗakina ba ta yi mini faɗa ba, ta dai daina ce mini ga abinci, sai in tarar an rufe a tebur. Ta dafa shinkafa da yawa ta kai wa ɗalibai 'yan gida da ke hawa na ƙasa da mu, sadaka. Ni kuwa washegari na koyar da darasin da ban san me na faɗa a ciki ba, na fito na zauna a mamak, shagon shayin Indiyawa Musulmi da ke bakin tashar jirgi, shayin ya huce a gabana. Mai shagon ya san ni da hira, ya tambaye ni da Malayanci ko lafiya. Na ce lafiya, ruwa nake jira ya ɗauke. Ya dubi sama, rana tas, ya koma kan aikinsa.

Ina zaune ina ta zana kasuwar a raina, kamar zanawar za ta tsare ta. Garuruwan kasuwa na yankin duk kamarsu ɗaya. Titi ɗaya mai faɗi a tsakiya, faɗin da aka yi don garke ba don mota ba. Gidaje farare masu baƙaƙen katakai a jiki, wasu sun karkata kamar tsofaffi suna raɗa. Hasumiya mai agogo, da wata tsohuwar rumfa ta dutse inda a da mata suke sayar da man shanu da ƙwai. Sauran kwanaki garin shiru, ranar kasuwa kuwa tun da safe motoci masu jan akwatin dabbobi sun cika hanya. Karar tasu a bayan gari take, da rufi, da wani zagayayyen fili inda ake shigo da dabba ana gwanjonta. Dillali ɗaya ne, a sama yake tsaye, bakinsa na gudu kamar mai zuba, masu saye kuwa ba ka jin muryar kowa. Wannan ya taɓa hula, wancan ya ɗaga gira, an sayar. Na taɓa tsayawa a kara a Maigatari inda sai an yi rantsuwa an ja hannu an tafi an dawo kafin a sallama akuya ɗaya, sai na ga a nan an raba garke guda ba wanda ya buɗe baki. Mutanen da suke sayen bijimi da gira, in ji zuciyata, me zai hana su yi godiya da igiya? Sai wata zuciyar ta ce, haka ma za su iya yin ƙiyayya. A tsakanin waɗannan biyu na wuni.

Ranar kasuwa, mun idar da sallar magariba ke nan wayar ta yi ƙara. Uwarta ta riga ni ɗauka, ta sa yadda za mu ji mu biyu. Abin da muka fara ji kukan tumaki ne, sannan muryar Auta tana dariya har numfashinta na sarƙewa.

Ta ce bayan ta gama duba dabbobin safe ta shiga ɗakin shan shayi na karar, inda manoma ke cika da takalman ruwa. Tana layi sai ga dogon tsohon nan a bayanta. Bai gaishe ta ba. Yana kallon allon abinci ya ce, "Tsuntsaye sun iso?" Ta ce sun iso. Ya ce ta bar su a rataye har ƙarshen mako, naman zai fi taushi. Ya ce maraƙin yana tsotso. Shi ke nan zancen.

"Ke kuma kika ce me?" in ji uwarta.

"Na ce na gode. Umma, suna cikin but ɗin motata a leda. Da niyyar in kai wa 'yan sanda na ɗauko su."

Uwarta ta zauna a kan darduma. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka, ina jin duka biyun ne. Ni kuwa sai a lokacin na ji yunwa.

Auta ta ci gaba. Ta ce da ta karɓi shayinta sai ta ga ba daidai ba ne ta bar shi a duhu, ta koma ta gaya masa gaskiya: ta ji daɗi ƙwarai, amma a addininta ba ta cin abin da ba a yanka ba. Ta ce ya daɗe yana juya cokali a kofi, har ta fara nadamar buɗe baki. Can ya ce matarsa ta gaya masa haka tun a gida, bai saurare ta ba, kuma yanzu sai ya je ya faɗa mata ita ce da gaskiya, wanda ya fi masa naƙudar karsana wuya. Wani da ke tebur na kusa ya yi dariya, ya ce to a ba shi tsuntsayen mana, shi ba ya zaɓe. Tsohon ya ce masa in yana son tsuntsu ya koyi fitar da maraƙi. A ƙarshe dai maƙwabciyar Auta ce ta ci su, wata gwauruwa da ta ce rabonta da su tun mijinta na da rai.

"Maganar aiki fa?" na tambaya.

"Wane aiki, Baba? Akwai tumaki suna jirana, sai anjima."

Bayan 'yan kwanaki wani hoton ya zo: buhun dankalin Turawa jingine da koriyar ƙofa, da kwalin ƙwai a kai. Wannan karon ma ba wanda ya ƙwanƙwasa.

"Mutanen nan ba su da baki ne?" in ji maiɗakina. Amma tuni ta fara lissafin abin da ya kamata. Ta ce ba za a ce 'yarta ta ci na mutane ta goge baki ba. Ta sa Auta ta soya cincin, tana tsaye a kanta ta waya tana gyara mata yawan sukari, ta kuma kafa sharaɗi: ba ratayewa za ta yi ba. Ta je da ƙafarta, ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama, ta gaishe da matar gidan kafin mijin, kamar 'yar mutane. In kunya za ta kashe su, ta kashe su.

Auta ta je, ta dawo ta kira mu ta ba mu labari. Matar tsohon ce ta buɗe, ta sa ta cire takalmi, ta zaunar da ita kusa da murhu, aka ɗora shayi. Tsohon ya shigo ya same su, ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo a gidansa, sannan ya ɗauki cincin ɗaya ya tauna ya ce ya yi tauri. Ya ɗauki na biyu. Matar ta tambayi Auta ko za ta kai lokacin haihuwar tumaki a garin, don likitocin da ake kawo musu ba sa daɗewa. Auta ta ce tana nan.

Da aka kashe wayar, maiɗakina ta dube ni ta ce, "Tsakaninka da Allah, Malam, ka tabbata tun farko?"

Na ce a'a.

Ta gyaɗa kai, ta ce ta sani, don a kwana biyun nan ko sau ɗaya ban yi mata lacca ba. Ta miƙe ta ce in sa takalmi, yau ba za ta yi girki ba, mu je Brickfields mu ci na Indiyawa, kuma ni zan biya.